Randar Malam Abdulƙahar

A shekarar da aka gama babban taron ƙasa da ya kawo ƙarshen mulkin jam'iyya ɗaya, bakin mutanen Kwatano ya buɗe. Wanda bai kafa jam'iyya ba ya kafa jarida, wanda bai sami ko ɗaya ba ya sayi jakar takardu ya maƙale a hammata yana zagaya gari. Malam Abdulƙahar na Zongo yana cikin masu jakar. Ya daɗe yana aikin masinja a wani kamfanin shigo da kaya a unguwar Ganhi. Da kamfanin ya rufe, sai ya dawo unguwa da Faransanci mai yawa da lokaci mai yawa, yana kashe su tare a kan bencin shagon maƙwabcinsa Mounkaïla tela. Abin da ke cin sa a rai shi ne, tun da ya daina fita aiki da safe, ba wanda ke tambayarsa inda duniya ta dosa, alhali shi ya sani.

Iskar canjin ba ta tsallake layinsu ba. Dattawa suka yanke cewa shugabancin ƙungiyar layi, wanda a da gadonsa ake yi, yanzu zaɓe za a yi. Alhaji Kassoum mai shagon kayan roba ya fito takara. Ana cikin haka sai wani ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa, mai suna Adamou, garin kauce wa tunkiya, ya daki tsohuwar randar da ke ƙofar masallaci da babur ɗinsa. Randar nan tun zamanin kakanni masu wucewa ke shan ruwa a cikinta, ran nan ta koma tsingaro. Kassoum bai yi wata-wata ba ya yi alkawarin shuɗin duro na roba, mai murfi, har da famfo a gindi.

Labarin duron ne ya tayar da Abdulƙahar daga benci. Ya ce ruwan roba shayi ne da aka manta ba a sa masa ganye ba, kuma al'ummar da ta sha daga roba ta sayar da asalinta. Ya ce duk Zongo shi kaɗai ya san sirrin yumɓu, domin patron ɗinsa na Ganhi, wato maigidansa, wani Bature, yana tara tsofaffin tukwane a ofishinsa, kuma shi ke goge musu ƙura kullum safe. Wanda ya goge abu shekara da shekaru kuwa ya fi wanda ya gina shi saninsa. Ya ƙara da cewa kakarsa ta wajen uwa ce ta gina tulun da ayarin fatake na farko ya sauko da shi bakin teku.

Mounkaïla bai ɗaga kai daga keken ɗinki ba, ya tambaya ko kakar nan ce wadda makon jiya ta koya wa mutanen kudu yin kilishi.

"Hannunta biyu ne," in ji Abdulƙahar.

Nan take ya bayyana takararsa. Zai gina wa masallaci randar da ƙato zai tsaya a cikinta ba a ga hularsa ba, mai ruwan da sanyinsa zai sa haƙora rawa. Kuma ba randa kaɗai ba, tarihi zai maimaita. Ɗan Adam, in ji shi, ya fara murza yumɓu da hannu, ya ci gaba ya ƙirƙiro faifai mai juyawa, ya ƙware a gashi da wuta, ya ƙare da ado. Abin da ya ɗauki duniya dubban shekaru, shi zai gama kafin ranar zaɓe, don yanzu zamanin sabuntawa ne.

Matarsa Salamatu, mai sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida, ta saurari bayanin tana tace gasara. Ta ce matan garin Sè suna kawo randuna masu kyau kasuwa, in ya yi sammako zai zaɓi babba. Ya dube ta da tausayi, ya ce wanda ya sayi randa, randa kawai ya samu.

Matsalar farko yumɓu. Abdulƙahar ya ce duk ƙasar Allah akwai yumɓu a ƙarƙashinta, haƙuri ne mutane ba su da shi. Ya ɗauki shebur ya fara haƙa a tsakar gida. Kwatano kuwa gari ne da aka ɗora a kan yashi, yashin kuma yana zaune a kan ruwa. Kafin azahar ya sami tulin yashi da rijiyar da ba wanda ya nema. Ya ɗebi yashin ya murza, ya ce yumɓu ne da bai balaga ba, taimako kawai yake so. Da Salamatu ta fita cefane, ya kwaɓa shi da gasararta ta gobe, ya gina 'yar tukunyar gwaji ya ajiye a rana. Ta tsaya kuwa, fara sol. Ya tafi kiran shaidu. Kafin su iso ragon Mounkaïla ya riga su, ya cinye ta har gindi, suka tarar yana tauna yashi ƙaras-ƙaras.

Abdulƙahar ya nuna wa shaidun wurin da tukunyar take a da, ya ce wannan ya dace da tarihi, domin tukwanen farko na duniya ma ba wanda ya san inda suka shiga. Mounkaïla ya ce shi dai ya san inda wannan ta shiga, kuma in ragon ya kwanta ciwo ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Washegari layin ya karya kumallo ba koko, Salamatu kuma ta sa wa ɗakin girki kwaɗo.

Adamou, wanda kunyar fasa randa ba ta sake shi ba, ya yarda ya taimaka. Suka nufi wajen garin Sèmè-Kpodji, inda Abdulƙahar ya shiga wata fadama har gwiwa ya zaɓi lakar da ta fi baƙi, don a ganinsa baƙi alamar tsufa ne. Sawu bayan sawu suka yi ta jigilarta a buhuna. Lakar tana da danƙo, wannan ba a musa ba. Tana kuma da wari. Kyanwoyin unguwa suka tare a kan katangar gidan. Masu sayen ƙosai suka koma saye daga nesa, hannu ɗaya a hanci. Alhaji Idrisu, limamin masallaci, wanda kuma aka ba alƙalancin zaɓen, ya aiko a tambaya cikin ladabi ko rashi aka yi a gidan ba a sanar ba. Abdulƙahar ya ce a gaya wa liman ƙanshin asali ne, hanci ne ya saba da roba.

Sai mataki na biyu na tarihi, wato faifai mai juyawa. Abdulƙahar bai taɓa ganin irinsa ido da ido ba, amma ya ce abu ne mai sauƙi: juyi ake so, a juyi kuwa ba abin da ya kai tayar babur. Aka kwantar da babur ɗin Adamou a kan bulo a ƙofar gida, don jama'a su ga ci gaba. Aka ɗaure babban farantin ƙosan Salamatu a kan tayar baya da waya, aka ɗora curin laka kamar kan jaki. Abdulƙahar ya naɗe hannun riga, ya yi bismilla, ya ce a tayar. Farantin ya fara juyawa a hankali, lakar ta ɗan miƙe a ƙarƙashin tafinsa, har wasu suka fara gyaɗa kai. Wannan gyaɗa kan ne ya jawo komai, don shi ya sa ya ce wa Adamou ya ƙara wuta.

Lakar ta bar farantin ba sallama. Ta rabu kashi-kashi ta bi layi tana gaisawa da kowa. Ta shiga shagon Mounkaïla ta tarar da ankon biki a rataye, ta yi masa zane. Ta sami Kassoum, wanda ya fito neman goyon baya cikin farar shadda, ta rufe shi daga hula zuwa aljihu. Wayar ta tsinke, farantin ya tashi yana kuka ya wuce kan katanga, sai da yamma aka hango shi a rufin masallaci yana ƙyalli.

Abdulƙahar ya share ido ɗaya, ya bayyana wa jama'a cewa abin da suka gani yana da suna a Faransanci, kuma hujja ce cewa injin yana aiki. Kassoum ya tsaya a gabansa yana ɗiga.

"Malam," ya ce, "na sha jin ana yarfe a siyasa. Ban san da laka ake yi ba."

"Ci gaba ba ya zuwa da tsabta, Alhaji."

Daga nan ya koma ga hannu, yana cewa tarihi ma yakan ja da baya kamar rago in zai yi karo. Manyan randuna, in ji shi, daga ciki ake gina su. Ya shimfiɗa gindi a ƙarƙashin mangwaron tsakar gida, ya tsaya a tsakiya, Adamou na miƙo laka, shi yana murza ta kamar igiya yana ɗorawa yana zagayawa. Kullum ya ƙara bango ya bar shi ya sha iska, yana shiga da fita da tsani. Aikin ya yi kyau, gaskiya. Bango ya kai ƙugu, ya wuce ƙirji. Ranar ƙarshe ya shiga tun da safe, ya sa aka janye tsanin don ya sami sarari, ya fara tsuke wuya yadda randa ta gari take. Ya tsuke, ya ƙara tsukewa, ya yi mata baki mai kyau a saman hularsa. Sai da ya gama shafe leɓen sannan ya nemi hanyar fita.

Bakin randar ya yi wa kafaɗunsa kaɗan, amma ba wanda ya gani, tunda ba wanda ke ganinsa. Salamatu ta hau turmi ta leƙa, ta ga tsakiyar hula, ta ce a miƙo mata taɓarya. Murya ta fito daga ciki da amo kamar ta rediyo, ta ce duk wanda ya taɓa randar nan ya taɓa dimokuraɗiyya. Zai zauna har leɓen ya yi ƙwari, dama haka masana ke yi don su duba aiki daga ciki.

Labari ya bazu. Maƙwabta suka yi ta zuwa suna sallama a bakin randa, randa tana amsawa. Da Abdulƙahar ya ji yadda muryarsa ke kauri a ciki, sai ya fara yaƙin neman zaɓe daga nan, har wata tsohuwa ta ce tunda take ba ta taɓa jin tukunya mai hankali haka ba. Alhaji Idrisu ya zo da kansa. Aka tambaye shi hukuncin sallar mutumin da ke cikin randa, ya ce bai ci karo da mas'alar a littafi ba, amma ya yi ta a tsaye ya yi nuni da kai. Salamatu ta zura masa kwanon shinkafa da wake da igiya, ta bi shi da kofin koko. Wannan ne ya kawo ƙarshen zaman. Wajen la'asar muryar ta rage kauri, ta nemi a yi hanzari. Aka zura masa kwalbar manja ya shafe kafaɗunsa, aka rataya igiya a reshen mangwaro, majiya ƙarfi suka ja. Ya fito ja wur, a hankali da farko, sannan gaba ɗaya, bai tsaya gode wa kowa ba ya nufi bayan gida.

Saura wuta. Damina ce, itace a jiƙe, amma Abdulƙahar ya ce kakanni da itace suke gashi don ba su da abin da ya fi shi. Ya sa aka ɗauki randar zuwa filin bayan layi, ya kewaye ta da ɓawon kwakwa da tsofaffin tayoyin mota, ya yayyafa kpayo, fetur ɗin nan da ake sayarwa a kwalabe a bakin hanya, ya ƙyasta ashana daga kusa. Girarsa ce ta fara gasuwa. Baƙin hayaƙi ya tashi ya tokare sama, har daga unguwar Saint-Michel ana hangensa. A shekarun nan kuwa hayaƙin taya ma'ana ɗaya gare shi. Nan da nan ɗalibai suka iso da kwalaye masu rubutu suna tambaya wa ake so ya sauka. Wani ɗan jarida ya zaro alƙalami ya nemi jin buƙatun masu zanga-zanga. Abdulƙahar ya fara ba shi tarihin gashin tukwane tun daga tushe. Yana tsaka da bayani iska ta juya, ta nufi rumfunan mutane da harshen wuta. Maƙwabta ba su jira ƙarshen tarihin ba. Suka yi layi tun daga rijiyar tsakar gidansa, suna miƙa ruwa hannu da hannu a bokitan roba da Kassoum ya fito da su daga shago, har wutar ta mutu tana huci.

Da hayaƙi ya lafa sai ga randa a tsaye, baƙa ƙirin. Ko maƙiyi ya yi mamaki. Sai dai ruwan da ya same ta tana da zafi ya bar mata ƙofofi nan da can, wasu kamar ƙwayar gyaɗa, wasu yatsa na shiga. Mounkaïla ya ƙwanƙwasa ta, ta amsa kamar buhun gari. Abdulƙahar ya ce randa mai zurfin ciki ba ta surutu. Ya cike ƙofofin da sabulun salo, sannan ya zo mataki na ƙarshe, ya shafe ta da fenti kore da rawaya da ja, irin na tsohuwar tutar ƙasa da aka dawo da ita bayan taron.

Ranar zaɓe da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar masallaci, jama'a suka tuɓe takalma suka jera a bakin kwata suka zauna. An turo randar a amalanke an girke ta inda tsohuwar take, duron Kassoum kuma yana gefe ba mai kallonsa. 'Yan garuwa suka yi ta juye ruwa har ta cika. Ta riƙe. Abdulƙahar ya ji ransa ya yi fari. Ya hau benci da jakarsa a hammata, ya fara jawabi daga mutumin farko da ya taka laka ya ga sawunsa ya tara ruwa. Yana isowa zamanin faifai sai kumfa ta fara tasowa daga bakin randa, ta gangaro a kan fenti. Ya ce alamar tsabta ce. Yana isowa zamanin wuta sai wata ƙofa ta buɗe, siririn ruwa ya yi tsalle ya sauka a cinyar Alhaji Idrisu. Sai wata ta buɗe, sai wata.

Da wani ne, nan zai sauka daga benci. Abdulƙahar gyara tsayuwa ya yi. Ya tambayi jama'a ko sun manta abin da ake koya wa kowane ɗan makaranta a ƙasar nan, randar nan mai ƙofofi ta wani sarkin Abomey, wadda aka ce in 'ya'yan ƙasa suka haɗu kowa ya toshe ƙofa da yatsansa, za ta riƙe ruwa. Ya ce da gangan ya bar ƙofofin. Yau za a ga mai kishin unguwa da wanda bakinsa kawai ke kishi.

Ba wanda yake so a ce ba shi da kishi a gaban maƙwabta, ballantana a shekarar nan. Mounkaïla ya tashi yana tsaki ya sa yatsa. Adamou ya sa na hannu bibbiyu. Dattawa suka tattare riguna suka matso. Duk inda aka toshe sai wani wurin ya ɓalle, har sai da kowa ya sami ƙofarsa, wasu a durƙushe, wasu a ɗage, kunci manne da fenti. Kassoum ya daure na ɗan lokaci, ya ga idanu a kansa, ya zo ya ba da manyan yatsunsa. Ruwan ya tsaya. Abdulƙahar ya ci gaba da jawabi daga inda ya tsaya, bai tsallake komai ba.

Alhaji Idrisu, wanda shekaru suka yafe masa toshiya, ya dubi inuwa ya ga azahar na matsowa. Ya ce tunda kowa na nan, a yi abin da ya tara su, kuma ƙa'idar da aka amince da ita mai sauƙi ce: a kira suna, mai so ya ɗaga hannu. Ya kira sunan Kassoum. Magoya bayan Kassoum suka dubi Kassoum, Kassoum ya dubi yatsunsa. Ba wanda ya so ya zama farkon wanda ya saki unguwa ta zube. Liman ya jira gwargwadon adalci, ya duba dama da hagu, bai ga hannu ba.

Tun ɗazu kuwa cikin randar, inda wuta ba ta kai ba, yana shan ruwa yana komawa asalinsa. Masu toshiya sun fara jin bangon na laushi kamar tuwo a ƙarƙashin yatsunsu. Daidai lokacin da liman ya kira sunan Malam Abdulƙahar, randar ta yi wani nishi, cikinta ya kumburo. Kowa ya fizge hannu ya ɗaga sama don kare fuska.

Liman ya duba dama da hagu. Hannuwa ne ko'ina, bibbiyu.

Sannan randar ta zauna. Ba fashewa ta yi ba, zama ta yi, kamar tsohuwar da ta gaji da tsayuwa, ta saki duk abin da ke cikinta lokaci ɗaya. Baƙin ruwa mai kumfa da warin fadama ya share tabarmi, ya ɗauke bencin daga ƙarƙashin mai jawabi, ya tattara takalman jama'a kaf ya zuba a kwata, suka kama hanya a jere kamar agwagi.

Da aka gama tari, Alhaji Idrisu ya matse gefen rigarsa ya sanar da cewa Malam Abdulƙahar ya ci zaɓe ba hamayya. Kassoum ya ce shi fuskarsa ya kare. Liman ya ce ƙa'ida hannu ta ambata, ba ta ambaci dalili ba, kuma ya lura na Kassoum sun fi na kowa tashi. Jama'a suka fara gunaguni, sai Mounkaïla ya ce a bar zaɓen yadda yake, domin akwai aikin da ya kamata shugaba ya fara da shi yanzun nan, kuma ba ya so ya faɗa kan wani. Nan take aka amince da ƙudurin farko na sabuwar ƙungiya: ba wanda zai koma gida ba takalmi, shugaba zai nemo su. Ƙuduri na biyu, a jawo duron Kassoum a cika shi kafin alwala.

Salamatu ta iso daga gida, mata na yi mata barka suna kiranta matar shugaba. Ta sami mijinta a cikin kwata, ruwa har ƙwauri, wando a naɗe, ya rungumo takalman da ba ɗaya da ya dace da ɗan'uwansa. Ya ɗago fuska, kumfa a gemu.

"Kin dai ji," ya ce. "Ba hamayya."

"Na ji, ranka ya daɗe." Ta nuna can gangare, inda wani farin takalmi ke shan kwana. "Ga na liman can zai shiga Saint-Michel."

Shugaba ya gyara rungumarsa ya bi shi.